Allurar Mutanen Sin da Ciwon Yankewar Numfashi Cikin Barci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in yi wa 'yan'uwana ma'aikata jan kunne.

Akwai wani abokin aikina, mutum kakkaura, mai hawan jini. Kullum da hantsi sai ka tarar yana gyangyaɗi bisa littafin lissafi. Iyalinsa suka ce da dare yakan yi ta minshari, sa'an nan ya yi tsit kamar rai ya yi halinsa, can sai ya zabura yana haki. Ran nan ya gaya mini wai zai bar shan maganin likita, ya koma ga allurar mutanen Sin. Dalilin wannan takarda ke nan.

Jama'a, irin wannan minshari ba daɗin barci ba ne, cuta ce. Naman maƙogwaro ne ke saki ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye. Wanda abin ya tsananta gare shi, yakan kai sau 30 cikin sa'a guda. Duk sa'ad da numfashi ya yanke, zuciya sai ta firgita, jini ya hau, ga shi kuwa dare ne lokacin da ya kamata ya sauka. Don haka hawan jinin irinsu ke wuyar jin magani.

Ita allurar Sin tsohuwar sana'a ce, ta fi shekara 2,000. Siraran allurai ake kakkafawa a jiki, ba ruwan magani a ciki, ba a kuwa zub da jini kamar ƙahon wanzami. A 2007 waɗansu likitoci a ƙasar Birazil suka gwada ta ga mutane kaɗan masu wannan cuta, suka ga alamar sauƙi. Amma a 2020 aka bayyana wani gwaji, can Birazil ɗin kuma, bisa masu hawan jini kaɗai. Aka kasa su biyu, kashi ɗaya aka yi musu ta gaske sau 10, ɗayan kuwa ta jeka-na-yi-ka. Da aka auna, ba bambanci: numfashi bai daidaita ba, jini bai sauka ba.

Abin da aka tabbatar yana buɗe maƙogwaro shi ne na'urar nan mai hura iska ta hanci, wadda Likita Colin Sullivan na Ostareliya ya bayyana a 1981. Rage ƙiba, da barin giya, da barin kwanciya rigingine, duk suna taimako.

To, ba na kushe sana'ar kowa. Mai son allura ya yi, amma ya shawarci likita, kada kuwa ya yar da ƙwayarsa, gama hawan jini ba ya sallama, sai dai a wayi gari rabin jiki ya shanye. Kowa ya ji ɗan'uwansa na irin wannan minshari, ya kai shi asibiti. Allah ya ba mu lafiya, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu.