Salula: zaɓin masana'anta shi ke yanke kwananta

Ɗan kasuwar Bawdeta in ya je Tasawa ko Maraɗi sayen salula, faɗin gilashi da ƙarfin batir yake dubawa. Alhali abin da ke yanke tsawon kwananta yana ɓoye a ciki, wato cibiyar tsarin aiki, wadda ke haɗa manhajoji da sassan na'urar.

Wayoyin Android, tun ta farko a 2008, bisa cibiyar Linux suke tafiya, wadda Linus Torvalds ya soma rubutawa a ƙasar Finlan a 1991. Zubinta na da yawa. Masana'anta ba ta ɗaukar sabo fil. Takan ɗauki wanda maƙeran ƙwaƙwalwar wayar suka riga suka daidaita, galibi kuma da shi wayar ke tsufa. Ranar da aka bar toshe ɓarakarsa, kuɗi da asirin mai ita na cikin hatsari.

Tsufa na da wata hasarar: a Oktoban 2023 WhatsApp ya janye daga duk Android da bai kai 5.0 ba. Saboda haka, jama'a, kafin ku biya ku buɗe «À propos du téléphone», ku nemi «Version du noyau». Lambar da ta fara da 3 ko 4 tsohon zubi ce. Araha ba ta ado.