Bikin Yaya: A Yi Da Zafi Ko A Jira Sanyi?

Da zarar dangin ango sun kawo maganar sa rana, gida kan rabu gida-gida. Umma tana so a bari sai sanyi ya shigo. Yaya, wadda ita ce amaryar, tana so a yi kafin azumi. Baba kuma yana can gefe yana lissafin buhu nawa zai fitar kafin a haɗa kayan ɗaki. Ku ƙannen amarya ba wanda ya tambaye ku, alhali ku za a aika wajen tela sau goma, ku raba katin gayyata, ku ɗauko kujerun haya, ku wanke tukwane. In aka yi rashin sa'a ranar ta faɗa a makon jarrabawa, ku ne za ku shiga aji da lalle a hannu da barci a ido. Don haka maganar lokacin biki ta shafe ku fiye da yadda manya suke tsammani.

Wanda yake kallon finafinan Turawa ya san su ma suna wannan muhawara, sai dai tasu tsakanin lokacin zafi ce da lokacin sanyi. Dalilinta yana cikin littafinku na Jogirafi. Duniya a karkace take da kimanin digiri 23.5 yayin da take zagaya rana, shi ya sa garuruwan da suke nesa da tsakiyar duniya suke samun doguwar rana a wani ɓangare na shekara, gajeriya a wani. A Landan, cikin watan Yuni, hasken rana yakan wuce awa 16, har ƙarfe tara na dare gari bai yi duhu ba. A Disamba kuwa bai cika awa takwas ba, wajen ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Mai son yin biki a lambu, a ɗauki hotuna cikin furanni, dole ya nemi Yuni zuwa Agusta, ya kuma biya tsadar wurin taro saboda kowa lokacin yake so. Mai son sauƙi sai ya haƙura da sanyi da duhu. A Ostareliya abin a juye yake, Disamba lokacin zafinsu ne.

Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka bambancin tsawon yini tsakanin Yuni da Disamba bai kai awa biyu ba. Mu abin da yake raba mana shekara shi ne ruwan sama da iska: bazara, damina, kaka da hunturu. Kowanne da irin abin da yake yi wa taron biki.

A fara da bazara, daga Maris zuwa Mayu. A Afrilu rana takan tsaya kusan daidai tsakar ka, ga shi babu gajimaren da zai tare ta, sai zafi ya haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rumfar haya da ƙarfe biyu na rana a irin wannan lokaci ya san yadda abin yake. Kwalliyar da amarya ta biya kuɗi mai yawa aka yi mata takan narke kafin a gama hotuna. Kunun ayar da aka dama da safe yakan yi tsami kafin la'asar in babu ƙanƙara, ita kuwa ƙanƙarar lokacin take tashi, musamman in wutar lantarki ta yi wuya. Shinkafar da aka ƙulle a leda ko a roba tun hantsi tana iya lalacewa kafin ta kai ga baƙin yamma, kuma nan ne ake samun gidan da aka tashi da ciwon ciki washegarin biki.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna cikin zirin da ya taso daga Sanigal har Habasha, inda cutar sanƙarau take yawan ɓarkewa a lokacin rani. Annobar 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya. Ƙwayar cutar tana yaɗuwa ne ta numfashi da tari a inda aka cunkushe, kuma kun san yadda ake kwana a gidan biki: mata goma sha biyar da jarirai a ɗaki ɗaya, taga a rufe. Wannan ba zai hana biki ba, amma ya isa ya sa a rarraba baƙi zuwa gidajen maƙwabta, a buɗe tagogi, a kuma tabbatar yara sun yi rigakafi.

Bazara tana da nata alherin. Tumatir da albasa da tattasai na noman rani, irin na Kadawa da Kura, sukan kasance da sauƙi har zuwa farkonta, hanyoyin ƙauye kuma a bushe suke.

Damina kuwa gari ya yi sanyi, ko'ina kore, hoto yakan fito da kyau. Amma a watan Agusta, lokacin marka, hadari ɗaya ya isa ya kwashe rumfa ya watse taro. Motar kai amarya takan kafe a taɓo, dangin ƙauye kuma suna gona, wanda ya zo ma hankalinsa na can. Kayan miya sun yi tsada, rumbu ya kusa ƙarewa. Shi ya sa tun da can manomi ba ya son aurar da 'ya da damina. Abu ɗaya da take da shi, wanda ya shafe ku kai tsaye, shi ne dogon hutu: daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba babu ɗalibin da zai rasa darasi saboda kamu ko yini.

Sai kaka da shigowar sanyi, daga Oktoba zuwa Janairu, wato lokacin da Bahaushe ya fi yin aure. An girbe gero da dawa da gyaɗa da wake, manomi ya sayar ya samu kuɗin sadaki da lefe, uban amarya ya samu na gado da gara. Hatsi ya sauko. Abinci yakan yini bai lalace ba, alkaki da nakiya da dubulan su daɗe lafiya lau. Hutun zangon farko yana faɗowa a tsakiyar Disamba, 'yan uwan da suke aiki a Legas da Abuja su ma sun samu hutun ƙarshen shekara. In ni za a tambaya, nan na fi karkata.

Sai dai kowa ma nan ya karkata. A ƙarshen Disamba za ka ga mutum ɗaya riƙe da katin ɗaurin aure huɗu a Asabar ɗaya. Wuraren taro sun cika tun watanni kafin lokaci, tela ya karɓi ɗinkin ankon da ya fi ƙarfinsa, mai lalle tana yi wa amare uku a yini. Ga hazo, wanda kan sa a ɗage tashin jirage a filin Malam Aminu Kano, direba ma ba ya ganin gabansa sosai da sassafe. Tsofaffi da masu asma suna wahala da ƙura, ga mura da tsagewar leɓe da faso. Da dare sanyi kan sauko ƙasa da digiri 15, a Jos ya fi haka, sai a ga ƙawayen amarya cikin leshi suna rawar ɗari. Lokacin ne kuma gobara ta fi yawa, saboda komai a bushe yake ga iska, gidan biki kuwa cike yake da murhu da garwashin turaren wuta.

Duk wannan lissafin rana ne. Akwai kuma na wata, wanda sau da yawa shi yake yanke hukunci. Iyalai da yawa suna rige-rigen ɗaura aure a Sha'aban domin amarya ta yi azumi a ɗakinta, wasu kuma su jira Shawwal bayan ƙaramar Sallah, watan da ya tabbata a Sahihu Muslim cewa a cikinsa Annabi (SAW) ya auri Nana A'isha. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka waɗannan watanni suna yawo cikin yanayi. A 2015 an fara azumi a tsakiyar Yuni, a 2025 kuma a farkon Maris. Nan da 2030 zai kama a farkon Janairu, ya sake kamawa a ƙarshen Disambar shekarar. Ma'ana, bukukuwan gab da azumi suna ta matsawa cikin sanyi, za su haɗu da cunkoson Disamba a 'yan shekarun nan, daidai lokacin da yayyenku da yawa za su yi aure.

To ina naku a ciki? Jarrabawar JAMB takan zo wajen Afrilu, WAEC a Mayu da Yuni, NECO daga Yuni zuwa Yuli. Ɗan aji shida da aka sa bikin gidansu cikin waɗannan watanni zai iya asarar mako biyu na bita, kuma darasin da aka faɗi sai an sake zama jarrabawarsa, a sake biyan kuɗin rajista. Manya ba mugunta suke yi ba, galibi ba su riƙe jadawalin a ka ba ne. Idan an riga an sanar da dangin ango, an buga kati, sauya rana abu ne mai wuya, har yakan jawo ɓacin rai tsakanin surukai. Kafin a kai nan ne maganarku take da amfani.

Ku rubuta ranakun jarrabawarku da na hutu a takarda. Ku samu Umma ko Gwaggo a lokacin da hankalinta yake kwance, ku ce, "Umma, ga ranakun jarrabawarmu, don Allah a nuna wa Baba kafin su Kawu su zauna." In ranar ta riga ta tsaya, ku roƙi a ɗauke muku aike da kwanan gidan biki, a bar ku ku koma gidan wani ɗan uwa na makon, ku zo ranar ɗaurin aure da yini kawai.