Katangar Makewayi: Daga Laso Zuwa Allon Roba

A Sabon Birni ko Isa, in ka ga an tokare katanga da itace, leƙa bayanta: sau da yawa makewayi ne. Damina ake ɗora wa laifi, alhali ita wata huɗu take yi, daga Yuni zuwa Satumba. Ruwan wanka kuwa ba shi da rani. Gida mai mutum goma, kowa ya watsa bokiti mai lita 15 sau biyu a zafin Afrilu, lita 300 ke nan ake kwararawa a gindin katanga ɗaya kullum.

Laka da bulo duk suna da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na hawa ta cikinsu kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. In ya bushe sai ya bar gishirin ƙasa, farin nan mai kama da kanwa, shi kuma gishirin ya riƙa tura yaɓe har ya zube. Shi ya sa ɓarnar ke tsayawa kamu ɗaya ko biyu daga ƙasa. Gidajen da ke kusa da fadamar Rima ko ta Bunsuru sun fi shan wahala, don ƙasarsu dama da laimarta.

Maginan da sun san wannan. Suna yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Inda ake son ƙarko sosai sai a nemi laso: katsin marina, da gashin majema, da dafara. Da shi ake shafe cikin karofi, ramin da ke riƙe ruwan baba wata da watanni. Yau marinar ta yi ƙaranci, masu haɗin ma sun tsufa, sai aka koma shafa siminti kai tsaye a kan laka. Auren nan ba ya zama. Laka na kumbura in ta jiƙa, ta tsuke in ta bushe, siminti kuwa ba ya bin ta. Tsaga ta fito, ruwa ya shige baya ya rasa mafita. Ƙwanƙwasa irin wannan filasta, za ka ji ta kamar ƙwaryar da aka kifa.

Yanzu da samari ke gina ɗaki da banɗaki a ciki, alluna iri-iri na shigowa daga Sakkwato da Kano, kuma mai shago zai rantse maka kowanne ba ya jin ruwa. Na jifsam, ɗan'uwan abin da ake yin silin na POP da shi, ma'adini ne mai laushi a tsakanin takarda biyu. Jifsam ɗin nan ne ake zubawa kaɗan a siminti, a masana'antar Kalambaina da ko'ina, don kada ya yi saurin daskarewa. A matsayin allo kuwa, ruwa na rugurguza shi, takardar ta yi funfuna. Ko mai koren baya an yi shi ne don ɗaki mai danshi, ba inda shawa ke duka ba. Na katako ba sai an daɗe a kansa ba: katako mai laima liyafar gara ce.

Allon roba na PVC shi ya fi ruɗar mutane. Ba ya shan ruwa, ba nauyi, ga sauƙin wankewa. Sai dai a kan katako aka saba kafa shi, ruwa kuma na bi ta mahaɗa da ramin ƙusa. Fuska na ƙyalli, baya na ruɓewa, ba mai sani sai wari ya tona. A makewayin da ba rufi, rana ma na gasa shi har ya riƙa karyewa.

Wanda ya fi su shi ne allon siminti mai zare, wanda Ludwig Hatschek ya ƙirƙiro a Ostiriya wajen 1900. Ba ya ruɓewa, gara ba ta ci. Amma ruwa na ratsa shi, haka ma farin simintin da ke tsakanin tayil, don haka dole a shafa maganin hana ruwa kafin a ɗora tayil. Allunan farko da asbestos aka yi su. Wanda ya tsinci tsohon silin irin wannan kada ya sa masa zarto, ƙurarsa na haddasa ciwon huhu da ciwon daji.

A ganina, yawancin allunan nan an yi su ne don ƙasashen da ke kafa gida da katako, irin Amurka. Mu da ke da yashi a bakin gulbi, bulo ya fi mana. A gina makewayi da shi, a ware shi daga katangar laka ko da taƙi ɗaya, a yi filasta mai ƙarfi har ta wuce tsawon mutum, a lanƙwasa kusurwar da daɓe ya haɗu da bango don kada ruwa ya kwanta. Tayil in da hali, in babu fentin mai ya wadatar.

Daɓen kuma ya gangara kamar santimita 2 a kowace mita, a sa bututu a rariya ya kai ruwan rami mai tsakuwa, nesa da tushen gini da rijiya. Kafin ka biya birkila cikon kuɗinsa, ka ce: "Malam, a zuba bokiti guda mu gani." Ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa.