RIM ƊIN MOTAR JARUMI: NA KAMFANI NE KO JABU?

Duk ma'abocin finafinan Hausa ya san wannan fitowar: kyamara ta fara sauka a kan taya, rim yana walƙiya, sannan ƙofa ta buɗe jarumi ya sako ƙafa. Sau tari motar ma ba tasa ba ce, furodusa ne ya aro ko ya yi haya, amma ta riga ta shiga ran 'yan kallo. Shi ya sa a Anka ko Gummi ko Bukkuyum za ka samu saurayin da Allah ya buɗa wa, ta noma ko ta zinare, ba shi da buri sai 'yar Kwatano mai ƙofa biyu, irin su Toyota Celica, Honda Prelude ko Marsandi SLK.

To amma mai karatu, ba duk rim mai ƙyalli ne ya fito tare da mota ba. Hatta Toyota Supra ɗin da marigayi Paul Walker ya tuƙa a fim ɗin The Fast and the Furious na 2001, wadda aka yi gwanjonta dala 550,000 a Las Vegas a 2021, rim ɗinta canji ne. Sai dai nata na ƙwarai ne. Abin tsoro shi ne jabu, wanda aka kwaikwayi na kamfani da gurɓataccen ƙarfe. Na ƙwarai in ya daki rami galibi lanƙwasa yake yi, jabu kuwa yana iya darewa nan take. Kuma kowa ya san hanyar Anka zuwa Gummi ba wurin da mutum zai so ya tsaya canjin taya ba ne.

Yaya za ka gane? Kada tambarin da ke tsakiyar rim ya ruɗe ka, murfi ne kawai, kowa na iya maƙala shi. Ka sa mai faci ya kwance tayar, ka leƙa bayan rim ɗin. Na kamfani yana ɗauke da tambari da lambar kaya da aka zuba tare da ƙarfen. Lambar rim ɗin Toyota takan fara da 42611, ta Honda da 42700, ta Marsandi kuma da harafin A. Za ka ga girma, misali 16x6.5J, wato inci 16 da faɗin inci 6.5, sai ET da lamba, wadda ke nuna yadda rim ya shige ciki ko ya turo waje. Na Japan suna da alamar JWL, amma fa masu jabu suna kwaikwayonta, don haka ita kaɗai ba hujja ba ce.

Daga nan sai ramukan noti. Celica ta 1999 zuwa 2006 tana amfani da 5x100, SLK kuma 5x112. Na kamfani yana zama daram a kan cibiya, ba ya buƙatar zoben roba na ciko. Ka gwada girman tayar da abin da ke rubuce a takardar da kamfani ya manna a jikin ƙofar direba. Ka duba duka huɗun, lambarsu ta zo ɗaya, ko da yake wasu SLK na baya ya fi na gaba faɗi tun daga kamfani. In ka ga tabon walda ko sabon fenti ta ciki, to an taɓa ɗinke shi.

Dillalin da ya ce ba za a kwance taya ba sai ka biya, ka yi masa sallama kawai. Jarumi in ya yi hatsari a fim, darakta zai ce a sake ɗauka. Kai ba ka da wannan damar.