Dutse, Yumɓu da Tagulla a Gidan Tarihin Jos

Haƙar kuza ce ta haifi gidan adana kayan tarihi na Jos. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka bazu a kan tsaunukan Filato suna yaye ƙasa, daga Naraguta zuwa Bukuru da Barikin Ladi, har gangaren kudu wajen Jama'a da ƙasar Jaba. Kududdufan da matafiyi ke gani a gefen hanya idan ya taso daga Vom ya bi ta Kuru da Bukuru zuwa Jos, ragowar wannan aiki ne. Kuza tana kwance cikin tsakuwar tsofaffin ƙoramu da ƙasa ta binne tun da daɗewa, don haka sai an kwashe ƙasar sama kafin a kai gare ta, sannan a wanke. A wajen wankin ne leburori suka riƙa tsintar abubuwan da ba kuza ba: duwatsun da aka sassaƙa, fasassun tukwane, duwatsun wuya, da kawunan mutane na gasasshen yumɓu. Da tarin ya yi yawa sai aka buƙaci wurin ajiya. An buɗe gidan a 1952 ƙarƙashin jagorancin Bernard Fagg, kuma shi ne na biyu a Nijeriya bayan na Esie da ke jihar Kwara ta yanzu, wanda aka buɗe a 1945.

Kayan dutse su suka fi kome tsufa a cikin tarin, su ne kuma baƙo ya fi saurin wucewa bai dube su ba. Akwai manyan duwatsu masu siffar ganyen mangwaro, an fafe su ta fuska biyu har bakinsu ya yi kaifi, waɗanda aka samo a wurare irin su Mai Idon Toro kusa da Jos. Irin wannan sassaƙa ta mutanen farko ce, kuma a sassan Afirka da dama shekarunta sun kai dubu ɗaruruwa. Akwai ƙananan tsinin duwatsu da ba su wuce ɗan yatsa ba, irin waɗanda Fagg ya tono a kogon dutsen Rop a 1944, waɗanda ake ɗaurawa a kan sanda su zama bakin kibiya ko wuƙa. Sai kuma gatura masu santsi da aka goge a jikin wani dutse, waɗanda Hausawa ke kira gatarin aradu, bisa imanin cewa tsawa ce ke jefo su. Manoman farko ne suka yi su don sare daji. Wanda ya riƙe ɗaya a hannu zai ji yadda gindinsa ya sirance domin ya zauna a ƙota, bakin kuma ya yi faɗi, babu kaushi ko kaɗan.

Sunan gidan ya fita duniya ne saboda kayan Nok. A 1928 aka tono wani ƙaramin kai na yumɓu a wata mahaƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, Kanar Dent Young ya kai shi Jos aka ajiye. Shekaru goma sha biyar bayan haka, a 1943, wani kan ya fito a yankin Jama'a. Wani ma'aikacin mahaƙar ya tafi da shi gida ya kafa a gonarsa ta doya don tsorata tsuntsaye, ya yi kusan shekara a can kafin ya isa hannun Fagg, wanda a lokacin ƙaramin jami'in mulki ne da ya karanci ilimin tonon kayan tarihi. Da ya jera kawunan biyu sai ya ga salonsu ɗaya ne. Ya shiga zagaya mahaƙu yana roƙon ma'aikata su daina jefar da irin waɗannan abubuwa. Sunan Nok da aka laƙaba wa al'ummar da ta yi waɗannan kayan sunan ƙauyen ne kawai, domin mutanen ba su bar rubutu ba.

Ba a ɓata wajen gane aikin Nok. Ido yakan zo da kusurwa uku ko rabin da'ira, an huda tsakiyarsa, an kuma huda hanci da kunne, wani lokaci har baki. Hudar tana ba fuskar rai, tana kuma ba iska mai zafi hanyar fita lokacin gashi don kada aikin ya tsage. Cikin siffar rami ne, an gina ta hawa-hawa da murɗaɗɗen yumɓu yadda magina ke tayar da randa. Kai yakan fi girman da ya dace da jiki. An ɓata lokaci sosai a kan kitso da tukkaye da gemu, da tarin duwatsun wuya da na ƙugu da mundaye, abin da ke nuna jama'a ce mai son ado. Wasu siffofin na marasa lafiya ne, mai kumburarriyar ƙafa ko mai karkatacciyar fuska, wasu kuma na dabbobi kamar giwa da biri da maciji. Kaushin da ake gani a jikinsu yau ba haka suka fito daga hannun magini ba. An shafe su da lallausan yumɓu an goge, ruwa da ƙasa ne suka cinye shafen, tsakuwar da aka cuɗa a ciki ta bayyana.

Matsalar kayan da aka tsinta a mahaƙa ita ce ruwa ne ya kwaso su daga inda aka bar su ya zube a ƙoramu. Ana ganin kyansu, amma ba sa faɗin wanda ya yi su, da yaushe, da dalili. Amsar tana wurin da abu yake kwance ba a taɓa shi ba, tare da gawayi da ƙwayar hatsi da toka. Shi ya sa tonon da Fagg ya yi a Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960 ya zama muhimmi. A can an sami siffofin yumɓu tare da matoyar narkar da tama, gwajin gawayin kuma ya nuna ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato wurin yana cikin tsofaffin shaidun ƙira a Afirka ta Yamma. Gwajin ya dogara ne da wani sinadari da ke jikin duk abu mai rai, wanda ke raguwa a kan ƙa'ida bayan mutuwarsa. Shi kansa yumɓun ana iya auna lokacin da ya shiga wuta ta hanyar ɗumama ɗan garinsa a auna hasken da yake fitarwa.

Daga 2005 masana daga Jami'ar Goethe ta birnin Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da hukumar gidajen tarihi ta Nijeriya, suka yi shekaru suna tono a yankin Janjala na jihar Kaduna. Binciken ya tura farkon al'ummar baya zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, ya nuna an fara siffofin yumɓu wajen shekara 900, aka daina su dab da farkon ƙirgar miladiyya. Mutanen manoman gero da wake ne, suna kuma cin atili, wanda har gobe ake sayarwa a kasuwannin Jos. A 2021 aka buga sakamakon gwajin maiƙon da ya shige jikin tukwanensu, aka ga alamar kakin zuma a wajen kashi ɗaya cikin uku na tukwanen zamanin farko da aka sami maiƙo a jikinsu. Galibin siffofin a farfashe aka same su, a yanayin da ke nuna da gangan aka fasa aka binne, sau da yawa kusa da jeren duwatsun da ake ɗauka kaburbura ne. Ƙasar yankin tana cinye ƙashi, saboda haka ba a sami gawarwaki ba.

A daidai ƙarnonin da maginan Nok ke aiki, maginan birnin Atina a ƙasar Girka suna yin tukwanen da suka cika gidajen tarihin Turai a yau. Hanyar ta bambanta. Girkawa suna juya yumɓu a kan faifai, suna gashi a rufaffiyar matoya. Baƙin da ke sheƙi a jikin tulunansu ba fenti ba ne, tataccen yumɓu ne da ke yin baƙi idan aka toshe iska a tsakiyar gashi, ya zauna a baƙinsa bayan an sake buɗe iskar, sauran jikin tulun kuma ya koma ja. Da farko mutanen da aka zana baƙaƙe ne a kan jan fili, wajen shekara 530 kafin haihuwar Annabi Isa aka juya salon. Wasu maginan da masu zanen sun rubuta sunayensu, shi ya sa aka san irin su Euphronios. Nok ba ta da wannan gata, duk abin da za a sani game da ita sai ƙasa ta faɗa.

Tagulla labarinta daban. Tukunya idan ta fashe an bar ta ke nan, tsingaronta ya kwana dubban shekaru. Tagulla kuwa dukiya ce, ana narkar da ita a sake zubawa, don haka kaɗan ke tsira. Manyan siffofin tagulla na Girka da suka rage yawanci teku ne ya ɓoye su, kamar mayaƙa biyu da aka tsamo a gaɓar Riace ta Italiya a 1972. A Nijeriya ƙasa ce ta yi wannan aikin. Kayan Igbo-Ukwu, waɗanda Thurstan Shaw ya tono daga 1959, na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10 ne, kawunan Ife kuma an ci karo da tarinsu a 1938 wajen haƙa harsashin gini. Dabarar zubin ɗaya ce a nan da can. A siffanta abu da kakin zuma a kan curin yumɓu, a lulluɓe da wani yumɓun, a gasa har kakin ya narke ya zube, sannan a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa. Dole a fasa mazubin kafin a fitar da aikin, saboda haka kowane ɗaya ba shi da na biyu. Tagullar ainihi gaurayen jan ƙarfe ne da kuza, irin wadda ke ƙarƙashin ƙasar Filato. Yawancin kayan Ife da Benin kuwa gaurayen jan ƙarfe ne da tutiya, wasu na Ife ma jan ƙarfe ne zalla.

Wani sashe na gidan Jos da bai sami yabon da ya cancanta ba shi ne zauren tukwane. Sylvia Leith-Ross ce ta zagaya ƙasar tana sayen tukwanen da mata ke amfani da su, littafinta a kansu ya fito a 1970. Akwai randuna da tuluna da kasake da tukwanen burkutu, kowace ƙabila da irin wuyanta da zanenta, wasu an murza musu igiya ko totuwar masara a jiki tun suna ɗanye. Lokacin da aka tara su kayan yau da kullum ne. Yanzu da roba da alminiyam suka mamaye madafa, wasunsu ba a ƙara gina irinsu a garuruwan da suka fito. Amfaninsu ga mai tono babba ne, domin da su yake gane yadda aka yi zanen da yake gani a tsohon tsingaro. A harabar gidan kuma akwai gine-ginen gargajiya da aka kwaikwaya, ciki har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya.

Darajar da kayan nan suka yi ita ta jawo musu ɓarna. A watan Janairun 1987 ɓarayi suka shiga gidan tarihin Jos suka kwashe wasu kayayyaki, har da wani kan tagulla na Ife. Ɓarnar da ta fi wannan ta auku ne a daji. A shekarun 1990 haƙar ɓoye ta bazu a ƙasar Nok, dillalai suna biyan ƙauyawa su tona, haka ma a yankunan Sakkwato da Katsina, inda aka sami wasu siffofin yumɓu masu salon kansu. Mai haƙar ɓoye kai yake nema. Gawayi da tsingaro da dutsen niƙa da ke gefensa watsar da su yake yi, alhali su ne shaidar. Kasuwar ta kuma cika da jabu, har da waɗanda ake harhaɗawa daga tsofaffin gutsattsari domin su tsallake gwaji. Kaburburan Italiya, inda aka samo yawancin kyawawan tulunan Atina, sun sha irin wannan, kuma sai a 2008 wani babban gidan tarihi na New York ya mayar wa Italiya shahararren kaskon Euphronios da aka sato.

Doka ta daɗe da hana wannan ciniki. Tun 1953 aka kafa dokar kayan tarihi a Nijeriya, ta 1979 kuma ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda gidan Jos ke ƙarƙashinta. Ba a tono sai da izininta, ba a fitar da tsohon kaya waje sai da takardarta, wanda kuma ya ci karo da irinsa a gona ko a mahaƙa ita ya kamata ya sanar, ya bar abin a inda yake. A 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok cikin jerin kayan Afirka da aka gargaɗi kowa kada ya saya. A shekarar ce aka baje wasu siffofin Nok a gidan tarihin Louvre da ke Paris, abin da ya tayar da ƙura. A 2002 Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, wa'adin da za a iya sabuntawa.