Jin harsuna biyu ga yaran Maraɗi: ƙari ne ko ragi?

A unguwar Sabon Gari ta Maraɗi, iyaye kan koka cewa ƴaƴansu na gauraya Hausa da Faransanci, suna tsoron kada kansu ya rikice. Mu dubi wannan jimla: «Na mance kayena a lakwal.» Kalmomi biyu na aro ne, wato cahier da l'école, amma ginin jimlar na Hausa ne, har «kaye» ya ɗauki ɗafin mallaka -na. Wannan shaida ce ta cewa yaron ya riƙe nahawunsa.

A 1962, Peal da Lambert sun gwada yara a Montreal ta Kanada, suka tarar masu harshe biyu sun zarce masu harshe ɗaya a yawancin gwaje-gwajen basira. Daga baya Lambert ya bambanta hali biyu: inda sabon harshe ke ƙaruwa bisa na uwa, da inda yake ture shi.

Haɗarin yana ga hali na biyu. Yaron Tibiri ko Jiratawa da aka fara koya wa karatu da harshen da bai ji ba yakan yi hadda ba fahimta, kuma ya soma raina maganar gidansu. Don magance haka aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973. A 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Saura ta samu gurbinta a ajin farko, da littattafai da horarrun malamai.