RUWAN SHA GA KAJIN GIDA: YADDA ZA A ZAƁI MAZUBI A KUMA GIRKA SHI

Kiwon kaji a bayan gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kuma ya ƙara yaɗuwa cikin birane tun daga shekarar 1976, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da Shirin Ciyar da Ƙasa, ta yi kira ga kowane magidanci da ya yi 'yar gona ko ya ajiye kaji a gidansa. Sai dai akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare tsakanin masu kiwo. Mutum zai kashe kuɗinsa wajen sayen dusa da tsaba da magani, amma ya bar kajinsa suna shan ruwan wanke-wanke ko na kwata. Hausawa sun ce ruwa abokin aiki, to, a kiwon kaji ma haka abin yake. Shi ya fi komai araha cikin bukatun kaza, kuma rashinsa ya fi rashin abinci saurin yi mata illa.

ABIN DA YA SA RUWA YA ZAMA WAJIBI

Fiye da rabin nauyin jikin kaza ruwa ne, haka kuma wajen kashi 2 cikin 3 na nauyin ƙwai. Kazar da ba ta sami ruwa ba ba za ta ci abinci sosai ba, wadda kuwa ba ta ci ba ba za ta yi nama ko ƙwai ba. Kaza mai ƙwai idan ta wuni ta kwana babu ruwa takan rage ƙwai, har ta yi makonni kafin ta koma yadda take.

Wani abin lura kuma shi ne kaza ba ta yin gumi. Idan zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ruwan jikinta yana fita tare da numfashi. Saboda haka ne kaji kan mutu farat ɗaya a watannin Maris da Afrilu da Mayu a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri da Yola, inda zafi kan haura digiri 40.

YAWAN RUWAN DA AKE BUKATA

A bisa ƙa'ida kaza takan sha ruwa kimanin ninki 2 na nauyin abincin da ta ci. Babbar kaza mai ƙwai tana bukatar wajen rubu'in lita a rana, a tsakiyar bazara kuwa abin yakan kai rabin lita. Ke nan mai kaji 10 ya tanadi lita 2 da rabi kullum, da bazara kuma lita 5. Mai kaji 50 ya sani jarka guda mai cin lita 25 ita ce ruwan yini ɗaya idan zafi ya tsananta. A yi wannan lissafi tun kafin a sayi mazubi, domin shi zai nuna girman da ya dace.

IRE-IREN MAZUBAI

1. Kasko ko kwano. Wannan shi aka fi sabawa da shi a ƙauyuka. Amfaninsa shi ne ba ya cin kuɗi, kuma kaskon yumɓu yana sanyaya ruwa. Illarsa ita ce a buɗe yake, kaji na shiga ciki da ƙafa, suna yin kashi, suna kuma kifar da shi. Ya isa ga kaji 5 ko 6, muddin akwai mai sake ruwan sau 2 ko 3 a rana.

2. Gwangwanin da aka kifa a faranti. Kowa na iya haɗa wannan da kansa. A sami babban gwangwanin madara ko na tumatir, a wanke shi tas, a huda shi da ƙusa wuri 2 kusa da bakinsa, kamar faɗin yatsa ɗaya daga gefe. A cika shi da ruwa, a rufe da faranti mai ɗan zurfi, sa'an nan a juya shi da sauri. Ruwa zai fito har ya rufe hudojin, daga nan sai ya tsaya, domin iska ba ta da hanyar shiga. Duk sa'ad da kaji suka sha, ruwan ya yi ƙasa, iska za ta shiga, wani ruwan ya sauko. Tilas ne gefen farantin ya fi hudojin tsawo, in ba haka ba ruwan zai malale duka. Mazuban roba da ake sayarwa a kasuwa, waɗanda ake kira dirinka, da wannan dabara suke aiki. Irin wannan shi ya fi dacewa da 'yan tsaki.

3. Kwami. Ana yin sa da gora da aka tsaga biyu, ko da bututun roba mai faɗi. Ya dace da kaji masu yawa, a ba kowace babbar kaza wajen santimita 2 da rabi na bakin kwamin. A gitta waya ko sanda mai juyawa a samansa don kada kaji su hau.

4. Bokiti mai 'yan famfuna. Ana huda gindin bokiti mai murfi, a ɗaura 'yan famfunan nan masu tsinke da ake kira nipul, a rataye shi. Idan kaza ta tsattsagi tsinken sai ruwa ya ɗigo mata a baki. Famfo 1 ya ishi kaji 8 zuwa 10. Ruwansa ya fi na sauran tsabta, tun da a rufe yake, kuma shi ya fi dacewa da ma'aikacin da kan fita da safe sai yamma. A yi 'yar huda a murfin don iska ta shiga, a kuma riƙa taɓa kowane tsinke kullum, gama laka kan toshe shi mai kaji bai sani ba. Kada a ɗauke tsohon mazubi sai an ga kowace kaza ta koyi sha daga sabon.

Kowane iri aka zaɓa, kada a kuskura a yi amfani da galan ko gwangwanin da aka taɓa zuba maganin ƙwari, ko man inji, ko fenti a ciki. Wanki ba ya fitar da dafinsu gaba ɗaya.

YADDA ZA A GIRKA SHI

Bakin buɗaɗɗen mazubi ya yi daidai da tsayin bayan kaza. Idan ya yi ƙasa za ta tona ƙasa da ƙaiƙayi ta watsa ciki, idan ya yi sama kuma ƙanana ba za su kai ba. A ɗora shi a kan bulo, a riƙa ƙara tsawo yayin da kajin ke girma. Nipul kuwa a rataye shi sama da kan kaza kaɗan, yadda sai ta miƙa wuya za ta sha.

A ajiye ruwa a inuwa, domin kaza kan ƙi ruwan da rana ta dafa ko da ƙishi na damunta. Da bazara a sake ruwa da tsakar rana, na randa ya fi. Kada a sa mazubi a ƙarƙashin sandar da kaji ke hawa su kwana. Ko kajin ba su da yawa a sa mazubi 2 nesa da juna, saboda zakara ko wata mafaɗaciyar kaza kan tare wuri ta hana raunana sha. Ga 'yan tsaki, a zuba tsakuwa mai tsabta cikin farantin don kada su faɗa su nutse, ko su jiƙe sanyi ya kashe su, musamman da hunturu da kuma wurare masu sanyi irin su Jos.

Wajibi ne ƙasan akurki ya zauna a bushe. Shimfiɗar da ta jiƙe ita ce matattarar ƙwayoyin cutar nan mai sa 'yan tsaki gudawa da jini. Masu kiwo a Ikko da Fatakwal da Kalaba, inda damina ke da tsawo, su fi kowa kiyaye wannan.

TSABTA DA RIGAKAFI

Ruwan da mutum ba zai sha ba kada ya ba kajinsa. Ruwan rijiya mai zartsi yakan sa kaji zawo, ya kuma sa ɓawon ƙwai ya yi laushi. Kowace safiya a zubar da ruwan da ya kwana, a goge santsi da gansakuka, sau ɗaya a mako kuma a wanke da sabulu, a ɗauraye, a shanya a rana. Yin haka yana hana sauro hayayyafa a cikin gida.

A hana tsuntsayen daji da agwagi shan ruwa tare da kaji. Murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a shekarar 2006, tana yaɗuwa ta ruwan da kashin tsuntsaye ya gurɓata.

Ta cikin ruwan sha ake ba da wasu magungunan rigakafi, kamar na cutar Niyukasil mai share akurki da hunturu, wanda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom take sarrafawa. Ran da za a bayar, a janye ruwa na awa 1 ko 2 don kaji su ji ƙishi. A dama maganin a mazubin roba mai tsabta wanda ba sauran sabulu, da ruwan da ba a sa wa sinadarin kulorin ba, domin kulorin na kashe ƙarfinsa. A ajiye a inuwa, a tabbata sun shanye cikin awa 2.

Wanda duk ya ga kajinsa sun rage shan ruwa ba dalili, ya sani sau da yawa wannan ita ce alamar farko ta ciwo. Kada ya jira sai sun fara mutuwa, ya hanzarta zuwa wurin malamin dabbobi ko malamin gona na ƙaramar hukumarsa. Rigakafi ya fi magani.